Rariyar Gidan Iya

Ni mace ce mai saurin baki. Tun ina yarinya a ƙauyenmu na kudancin Kaduna mahaifiyata take yi mini faɗa a kan haka, tana cewa magana takan fita daga bakina kafin ta biya ta kaina, kuma ga shi har na yi furfura ban samu ranar ƙaryata ta ba. Na faɗi wannan tun farko don kada mai karatu ya wahalar da kansa wajen nema mini uzuri. Na riga shi nema, ban samu ba.

Mun sauka Haɗeja a cikin shekarun tamanin, tana ƙarƙashin jihar Kano tukuna. Maigidana malamin gona ne, an turo shi aikin noman rani a bakin kogi, kullum yana cikin alkama da shinkafa, ya dawo da laka har gwiwa. Ni kuma aka ba ni aji uku a wata firamare. Muka kama haya a wata unguwa ta bakin gari, inda ake hango fadama daga ƙofar gida. Masu gidan wani dattijo ne manomin shinkafa da matarsa. Shi muna ce masa Baba, ita kuma Iya. 'Ya'yansu duk sun yi aure sun watse, sai tsofaffin suka ja katangar ƙasa suka raba gidan biyu, suka ba da rabi haya. A gindin katangar aka bar rariya, don ruwan tsakar gidanmu ya bi ta nasu ya fita waje. Ramin ƙarami ne, kyanwa ma sai ta sunkuya take wucewa.

Na zo garin da ciki wata shida, ban san kowa ba, ga zafi irin wanda ban taɓa ji ba, ga sauron fadama da ba ya jin maganin kowa. Mahaifiyata ba ta da lafiyar da za ta yi wannan doguwar tafiya. Da na haihu, Iya ce ta shigo ba wanda ya kira ta, ta gyara ɗaurin zani, ta hura wuta, ta ɗora tukunyar ruwa. Kwana arba'in tana yi mini wankan jego da ganyen darbejiya, safe da yamma, ina ihu tana dariya. Ta dama mini kunun kanwa, ta gasa mini tarwaɗa da yaji, ta tsaya a kaina sai na cinye. Ban taɓa jin ta kira sunana ba, sai dai "'yar nan". Ranar Lahadi in za mu coci, ita ke sa wa jaririyar kwalli, tana cewa ba za a kai mata jika gaban mutane da ido fari ba, a ce ba ta da kaka. Na sami uwa a Haɗeja, kuma na san na samu.

Abu ɗaya ne ba mu taɓa shiryawa a kansa ba, shi ne karyata. Mahaifina ne ya ba ni ita ranar da za mu taso, ja ce siririya mai tsayayyun kunnuwa, a cikin kwali muka zo da ita a mota. A wajenmu gidan da ba kare kango ne. Abin da muka ci shi kare yake ci, a bakin murhu yake kwana, in ya mutu yara su yi kuka. Iya kuwa ba ƙin kare take yi ba, Baba ma ya ce da ƙuruciyarsa da karnuka yake korar birai daga gona. Amma a wurinta kare na gona ne da farauta, ba na tsakar gida ba, kuma duk kwanon da ya sa wa baki sai ta wanke shi sau bakwai kafin ta sake cin abinci a ciki. In za ta shigo wurina sai ta tsaya daga bakin ƙofa ta tattare zaninta, ta ce, "'Yar nan, kama mini ƙanwar taki in wuce." Ni kuma in ce, "Iya, gaishe ki take son yi." Ta ce, "Na amsa daga nan." Haka muka zauna fiye da shekara, tsokana ce kawai.

Da damina ta biyu ta ɗauke, karyar ta haifi 'ya'ya shida a bayan ɗakin girki. Na yi murna kamar ni aka yi wa haihuwar. Na shimfiɗa musu buhu, na ware musu kasko, in na dawo makaranta kafin in cire takalmi sai na je na ƙirga su. 'Yata a lokacin tana rarrafe, ta kan bi su, su bi ta, duk su dunƙule wuri ɗaya a inuwa. Da suka kai wajen mako bakwai, ƙafa ta yi ƙwari, sai suka gano rariya.

Lokacin kaka ne, ruwa ya janye daga fadama, an yanke shinkafa, gidan Iya ya cika da aiki. Takan turara shinkafar a babbar tukunya, ta baza a tabarmi ta sha rana kafin a kai inji. 'Yan kwikwiyon nan sai su ɓulla ta ramin ɗaya bayan ɗaya, su yi ta tsere a kan shanyar, wani har ya tsuguna a kai. Sau biyu tana tura su cikin tsohon kwando da tsintsiya, ta miƙo mini ta saman katanga. A na uku ta ce, "'Yar nan, jikokin nan naki sun gama da ni. Yau kwanon tuwon Baba suka lasa. Ki toshe ramin nan mana." Na yi dariya, na sa dutse, washegari suka ture shi. Ban sake komawa ta kai ba, don ban ɗauki wahalarta a bakin komai ba.

Ana nan wata rana ina dawowa daga makaranta, na tarar da mai maganin ɓera a ƙofar gidansu, da matattun ɓerayensa rataye a sanda. Iya na daga cikin zaure, ta miƙo hannu ta karɓi wani ɗan ƙulli a takarda. Ta gan ni ta ce, "Ɓeraye sun sha mana kai a rumbu." Na ce Allah ya sawwaƙe, na wuce.

Bayan kwana huɗu, mafi ƙiba a cikin 'yan kwikwiyon, mai farin goshi, ya ƙi tashi cin abinci. Shi ne kullum mai ture sauran a bakin kasko, amma ranar na dangwala masa kunu a baki ya kau da kai. Da rana ya fara amai, wani ruwa mai kumfa, rawaya-rawaya. Washegari sai zawo, da farko ruwa-ruwa, zuwa yamma ya koma jini. Warinsa ba irin na kashin kare da na sani ba ne, wani ƙarni ne mai nauyi wanda ya kama tsakar gidan duka, na wanke da sabulu ya ƙi fita, har yau in na tuna sai na ji shi a maƙogwarona. Idanunsa suka faɗa, bakinsa ya bushe, in na ja fatar wuyansa sai ta tsaya a tsaye ba ta komawa. In ya lallaɓa ya sha ruwa, nan take ya amayar.

Ban yi wani dogon tunani ba. Kare yana amai, yana zawon jini, maƙwabciya ta sayi maganin ɓera, kuma ta riga ta yi ƙorafi. Abin da ya ƙara tabbatar mini shi ne uwarsu lafiyarta ƙalau, kuma ita kaɗai ce ba ta iya shiga rariya. Na ce guba ce.

A ƙauyenmu kowa ya san abin da ake yi wa karen da ya ci guba, man ja ake ɗura masa. Ina da galan guda da na zo da shi daga gida. Na ɗauko cokali, na buɗe bakin mai farin goshi na ɗura masa, ya amayar, na sake ɗurawa. Sannan na ce bari in riga gubar, wataƙila sauran ma sun lasa. Da cokalin nan ɗaya, ban ko ɗauraye shi ba, na bi sauran biyar ɗin na ɗura wa kowanne, daga bakin marar lafiya zuwa bakin masu lafiya. Na kwantar da su duka a buhu ɗaya don su ji ɗumin juna. Kwana uku ina haka safe da yamma, ina yabon kaina a zuci cewa ni 'yar gidan masu kare ce, na san abin da nake yi.

Mai farin goshi ya mutu a rana ta uku. Maigidana ya tona rami a bayan ɗakin girki, bai yi zurfi ba don ƙasar ta yi tauri, muka rufe shi. Kafin mako ya zagayo biyu sun kwanta, sannan wani. Duk hanya ɗaya suke bi: ƙin abinci, amai, zawon jini, sai shiru. Uwarsu ta yi ta lasar su tana kai da kawowa tsakanin buhu da ƙafafuna, tana kallona. Ban iya haɗa ido da ita ba.

Ranar da na huɗu ya mutu Asabar ce, da hantsi. Na ɗaga shi na ji ba nauyi, kamar tsumma. Daga can gidan ina jin Iya tana jan shinkafa a tabarma, tana ɗan waƙe-waƙenta na aiki. Waƙar nan ce ta tunzura ni. Na kife turmi a gindin katanga, na hau, na leƙa.

Na ce, "Iya, me suka yi miki?"

Ta ɗago tana kare rana da hannu. Ta ce, "Su wa, 'yar nan?"

Na ce, "Kin sani. Shinkafa nawa suka ci da za ki sa musu guba? Da kin ce in ɗaure su mana. Huɗu sun mutu, ga biyu can suna shure-shure, ke kuma kina waƙa."

Ta saki abin da ke hannunta. Da na tsaya a nan da sauƙi. Amma na riga na gaya muku halin bakina. Na ɗaga murya yadda duk layin zai ji, na ce, "Dama an gaya mini kafin in zo. Ku mutanen nan ba ku ƙaunar kare, ba ku ƙaunar masu kare. Dariya kuke yi da mutum a fuska, ciki kuwa Allah kaɗai ya sani. Yau karnuka ne, gobe ban san wa za a sa wa ba."

Na faɗi haka ga matar da ta yi kwana arba'in tana wanke ni, ga 'yata a ƙasa tana riƙe da jikin turmin. Na ga matan maƙwabta sun leƙo ta kan katangunsu. Iya ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce, "'Yar nan, sauko daga kan turmi, za ki faɗi." Ta shige ɗaki ta bar shanyarta a rana.

Da maigidana ya dawo daga gona ya ji, ya zauna a bakin ƙofa bai ko cire takalmin robarsa ba. Ya ce, "Kin gani da idonki ta sa musu?" Na ce ba sai na gani ba, ni ba yarinya ba ce. Ya ce, "Ko da ta sa a rumbunta, rumbunta ne. Ke aka ce ki toshe rami." Na ce to ya koma can gidan ya zauna tunda ya fi son su. Ya je ya ba Baba haƙuri a zaure, ya dawo ya ce Baba ya ce ba komai, zafin rashi ne. Ni kuwa na sa aka kawo siminti aka toshe rariyar tas. Sauran biyun suka mutu a cikin makon.

Daga ranar Iya ba ta sake shigowa ba, ni ma ban shiga ba. In mun haɗu a ƙofa in sunkuyar da kai, ita ta ce sannu, in amsa a ciki. Kirsimeti ta zo, na dafa shinkafa da kaji, na kai wa kowa a layin ban da su. 'Yata takan rarrafa zuwa gindin katanga in ta ji muryar Iya, ta yi ta bubbuga ƙasar da tafin hannu, in je in ɗauke ta. Ina kewar matar nan kamar me, amma na riƙe fushina da hannu biyu, don ina ganin ni aka zalunta.

Wajen lokacin yankan alkama, wata da muke coci ɗaya ta ga yadda na damu, ta ba ni ɗan kwikwiyo baƙi, ɗan wata biyu. Na ce wannan kam sai dai a gan shi a bar shi. Rariya a toshe take, ƙofa kullum a rufe, ba ya fita ko nan da can, ba mai ba shi abinci sai ni. Na kwantar da shi a bayan ɗakin girki a kan buhun nan, na zuba masa kunu a kaskon nan. Bai cika kwana goma ba ya ƙi abinci. Sai ga aman nan mai kumfa. Washegari warin nan ya dawo.

Na tsaya a tsakar gida ina kallon simintin da ke gindin katanga. Ko tsaga babu a jikinsa.

Maigidana ya ce in naɗe kwikwiyon a tsumma, ya ɗauke ni a babur zuwa wurin malamin dabbobi. Ban taɓa tunanin zuwa can ba, don a sanina shanu da awaki ake kai musu. Mutumin dogo ne mai sanyin magana. Tun kafin in gama kwance tsumman ya ce, "Na ji warin, Malama. Na san cutar nan." Ya ɗaga leɓen kwikwiyon ya duba dasashi, ya ja fatar wuyansa, ya sa masa ma'aunin zafi. Ya tambaye ni ko an taɓa yin irin wannan a gidan. Na ce shida aka kashe mini da guba a kaka.

Ya ce, "Wa ya ce miki guba ce?"

Na ba shi labari, har da uwar da ba ta iya shiga rariya. Ya saurara har na gama, sannan ya ce ba guba ba ce, cuta ce. Ya faɗi sunanta na Turanci, farbo, ya ce baƙuwa ce, ba ta daɗe da shigowa ƙasar ba, shi ya sa ko sunan Hausa ba ta da shi, mafarauta dai suna ce mata zawon jini. Ya ce a shekarar ta yi ɓarna a karnukan masu gadin lambu da na mafarauta, daga wajen Guri har Miga ana ta kawo masa labari. 'Yan kwikwiyo take kamawa, daga an yaye su zuwa 'yan watanni, manyan karnuka kuwa yawanci takan bar su, shi ya sa uwar ta tsira. Ba ruwanta da rariya.

Na ce to ta ina ta shigo, karnukana ba sa fita? Ya nuna takalmin maigidana da baki. Ya ce a cikin kashin kare mai ciwon take, kuma ɗan abin da ido ba ya gani ya isa. Mutum ya taka a gona ko a hanya, ya shigo da ita gida a tafin takalmi. Ta zauna a ƙasa, a buhu, a kasko, wata da watanni, har shekara, rana ba ta kashe ta da sauri, sabulu ba ya kashe ta. Ya tambaye ni inda baƙin yake kwana da abin da yake ci a ciki. Na faɗa masa. Ya girgiza kai. Sai na ji bakina yana ba shi labarin man ja da cokali, ban san me ya sa ba, wataƙila ina so ya ce na yi ƙoƙari. Ya ce, "Da kin ware na farkon tun ranar da ya ƙi abinci, da wataƙila wasu sun tsira. Cokalin nan bai taimake su ba." Da sauƙi ya faɗa, amma na gane.

Na tambaye shi 'yata fa, da take rarrafe a wurin. Ya ce ba ta kama mutum, in kwantar da hankalina, in dai riƙa wanke hannu. Ya ce abin da ke kashe kwikwiyon ƙarewar ruwan jiki ne, don haka in an kawo shi da wuri, ƙarin ruwa shi ne babban magani, da allurar tsayar da amai. Ya yi wa nawa allura, ya ce in haɗa ruwan gishiri da sukari in riƙa ɗiga masa kaɗan-kaɗan, amma kada in sa rai, an makara. Ruwan gishiri da sukari! Ni da nake tsayawa gaban 'yan aji uku ina koya musu yadda ake haɗa shi in ƙaninsu yana gudawa, har da waƙa. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba, saboda na riga na yanke cewa guba ce, kuma na riga na san mai laifi.

Kafin mu tafi ya lissafa mini abin da zan yi. In ƙone buhun, in fasa kaskon in binne, in wanke duk inda zai wanku da bilic, ruwan nan mai sa kaya fari, a tone gawarwakin a sake binnewa da zurfi nesa da gida. Kada in sake kawo ɗan kwikwiyo gidan sai shekara ta zagayo. In kuma zan kawo, akwai allurar rigakafi, ana farawa tun yana mako shida zuwa takwas, a maimaita bayan 'yan makonni har sau uku, kuma kafin a gama kada ya taka inda wasu karnuka suke takawa. A lokacin sai an aika Kano ake samo ta, a cikin ƙanƙara. Baƙin kwikwiyon ya mutu washegari da rana, a kan cinyata.

Duk abin da malamin dabbobi ya ce na yi shi, ban bar ko ɗaya ba. Abin da bai faɗa ba, wanda ya fi kowanne sauƙi, shi ne na kasa. Taku goma ne daga ƙofata zuwa ƙofar Iya. Sau nawa na ɗaura ɗankwali na fito, in kai bakin zaurensu, in tuna matan da suka leƙo ta kan katanga, in ce bari sai an jima. Na iya hawa turmi in zagi tsohuwa a gaban unguwa, amma durƙusawa a ɗakinta in ce na yi kuskure ya gagare ni. Maigidana ya yi magana sau biyu, na ce ina sane, ya bar ni in shirya.

Sai na bi ta bayan gida. Na dafa shinkafa da miyar kifi mai kyau, na ba maigidana ya kai wa Baba a zaure. Washegari kwanon ya dawo a wanke, da busasshen kifi a ciki, don Iya ba ta taɓa mayar da kwano haka nan ba. Da damina ta kawo kai, dole aka fasa simintin don ruwa ya samu hanya. Muka koma gaisawa ta kan katanga, ina kwana, ina gajiya, ya yarinya. Da Sallah ta aiko da tuwo da nama, da Kirsimeti na aika. 'Yata ta fara tafiya, ta riƙa shiga wurinta da ƙafarta, ta fito da kwalli a ido. Na ce wa kaina ai shi ke nan, an shirya, tsofaffi ba sa son a tono abin da ya wuce. Amma Iya ba ta sake tako tsakar gidana ba, kuma na san dalili. A gaban unguwa na ce tana iya sa wa mutum guba, kuma ban taɓa janyewa ba, ko a gaban unguwa ko a gabanta.

Da aka ƙirƙiro jihar Jigawa aka mayar da maigidana Dutse. Ranar da muka ɗora kaya a mota, Iya ta fito har bakin zaure, ta rungume yarinyar ta daɗe, ta ba ni ƙullin shinkafar da ta turara da hannunta. Ta tsaya tana kallona, ni ma ina kallonta. Maganar ta zo har bakina. Direba ya danna ƙaho, sai na ji na ce, "Iya, sai mun zo gaisuwa." Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, 'yar nan."

A Dutse na ci gaba da kiwon karnuka. Kowane kwikwiyo sai ya sha allurarsa uku kafin ya san ƙofar gida, kuma na zama mai wa'azin abin a coci da makaranta, duk wanda na ji karensa ya ƙi abinci yana amai sai in ce ya ware shi, ya ruga wurin malamin dabbobi, kada ya tsaya neman wanda ya sa guba. Ban sake binne kwikwiyo ba. Shekara huɗu ina cewa zan je Haɗeja, hutu ya zo ya wuce. Sai wani aiki ya kai maigidana can, na ce zan bi shi. Na sayi atamfa mai kyau da goro, na tsara maganata tun a mota, har inda zan durƙusa na zaɓa.

Na tarar da Baba a zaure a kan buzu, ya tsufa ƙwarai, idanunsa sun yi hazo. Sai da na yi magana ya gane ni. Ya ce, "Lale, Malama. Lale marhabin." Muka gaisa, ya tambayi maigida da yarinya. Na ce bari in shiga wurin Iya. Ya ce, "Zauna tukuna." Na zauna.

Ya ce Iya ta rasu tun daminar bara, zazzaɓi na kwana biyar. Sun so su aika mana, ba su san inda za a same mu ba.

Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Ya bar ni har na lafa. Da na samu murya sai na faɗa masa duk abin da na zo faɗa mata, cutar da sunanta da takalmi da cokali, na ce tun kafin mu bar garin na san ba ita ba ce.

Ya ce, "Mun san kin sani. Mai gidanki ya gaya mini tun ranar da kuka dawo daga wurin malamin dabbobi."

Ya murza carbinsa. Ya ce, "Maganin ɓeran nan ma ba ta sa ba. Ranar da ta saya, ta shigo ta tarar da 'yan kwikwiyon suna wasa a gindin rumbu, sai ta jefa ƙullin a salga. Shekarar nan ɓera ya ci rabonsa ya ci namu."

Na ce, "Baba, me ya hana ta gaya mini?"

Ya ce, "Na ce ta faɗa. Ta ce ita ba za ta tsaya tana rantse-rantse a gaban 'yarta ba. Ta ce in kin huce za ki zo da kanki."

Na sauko daga kan tabarma na durƙusa a ƙasa, na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "Ni ba ki yi mini komai ba, Malama. Ita ma yafiya kam ta yafe tun ranar, da bakinta ta faɗa, ni shaida ne. Zuwan naki dai ta yi ta jira."

Na koma na zauna, atamfar tana kan cinyata a cikin ledarta, ban san wanda zan miƙa wa ba.